Babin Filasta a Ilimin Tsare Sirrin Waya

Wayar hannu ta GSM, tun shigowarta Nijeriya a 2001, ba ta taɓa jahiltar inda mai ita yake ba. Muddin tana kunne tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa, kamfanin layi kuma yana ajiye lambar da aka kira, da lokacin, da tsawon hirar. Daga Disambar 2020, da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, layin ya ƙara ɗaurewa da sunan mai shi da hotonsa da zanen yatsunsa. Saboda haka mutumin da ke kwance kan katifa a Kurna yana rantsuwa cewa ga shi nan ya wuce Kura, ƙarfen sabis ya san gaskiyarsa sarai, sai dai Allah bai ba shi baki ba.

Tsoron leƙen asiri daga nesa ya samu gindin zama a 2013, lokacin da Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke tattara bayanan kiran jama'a. A 2021 kuma aka yi ta labarin Pegasus, manhajar wani kamfanin Isra'ila da ake sayar wa gwamnatoci, wadda ke iya kunna kyamara da makirufo mai waya bai sani ba. Daga nan ne aka samu jama'ar da masana ke kira 'yan filasta, wato masu liƙe idon kyamara don kada Turawa su gan su. Pegasus kayan miliyoyin daloli ne, ana ɗana shi ga 'yan jarida da manyan 'yan adawa. Mai filasta kuwa katin naira ɗari biyu yake sawa, rabin kiransa filashin ne, amma ya haƙiƙance akwai wani Bature a Washinton da ya bar abincinsa yana hucewa don ya ga yadda yake shan koko.

Filastar kanta iri-iri ce. Akwai ta asibiti mai launin ƙasa, wadda ke sa a zaci wayar ta yi tuntuɓe. Akwai baƙin salatif na masu gyaran wuta, shi ne na masu tsananin taka-tsantsan. Akwai guntun sitikar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe, wanda a ƙarshe dai ya tsare wa wani wani abu. Ana ɓare ta ranar biki a yi hoto, a mayar da ita da yawu. Idan ta tsufa gefenta yakan tara ƙura da zaren aljihu, har mai ita ya fara duba ta kamar miki.

An ga cikakken samfurin wannan jama'a ranar Talatar da ta wuce, a motar haya daga Kano zuwa Zariya. Dattijo ne mai babbar riga, filastarsa sabuwa fil, wayar kuma a sifika tun daga tasha. Kafin a kai Kura ya karanta wa yaronsa lambar asusu sau biyu. Kafin Kwanar Dangora ya ba shi lambobin sirrin katin banki, ɗaya bayan ɗaya, da muryar mai kiran kasuwa: "Kai, rubuta mana! Ka rubuta?" Da ya zo maimaitawa karo na uku ya yi kuskure, sai wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce, "Alhaji, ɗazu bakwai ka ce, ba tara ba." Ya yi mata godiya. A Tashar Yari duk motar ta san yana da fili a bayan gari wanda uwargida ba ta san da shi ba, ta san nawa ake binsa, ta san ranar da za a kai kuɗin auren ta uku. Filasta na nan daram, Amurka ba ta ga komai ba.

Da sirrin nasa ne kaɗai, da sai a ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma kira na huɗu na ƙanwarsa ne, ta kira yayanta tana kuka, tana faɗin abin da likita ya gaya mata da abin da mijinta ya ce da ya ji. "Yaya, don Allah kar kowa ya ji," in ji ta, mutum tara suna saurare, direba har ya rage rediyo. Ba a tambaye ta ba, ba a ce mata tana sifika ba, kuma babu wanda ya iya cewa uffan saboda furfura. Wannan cin amana ne tsagwaronsa, kuma kullum ana yin sa a mota da layin asibiti da bakin masallaci. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, a Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Har yau ba a ji an ci wani yaya tarar ko sisi ba.

Manhajoji su ma suna da nasu rabon. Ta tocila takan nemi izinin ganin lambobin mutane, a danna mata amincewa ba a tambayi me haske zai yi da lambar suruka ba. Masu ba da bashi ta waya sun daɗe suna cin wannan garaɓasa: a ranci dubu biyar, a makara kwana biyu, sai saƙo ya isa ga liman da surukai da tsohuwar budurwa cewa wane ɓarawo ne. Sai a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. Truecaller kuwa, ɗan ƙasar Suwidin, yana tattaro sunayen da mutane suka ajiye juna da su ne, shi ya sa mutum zai kira da cikakkiyar sallama allo ya nuna "Mai Bashi Kar A Ɗauka". Ta wannan hanya aka gano cewa a wayoyin magidanta bakanike ya fi mota yawa. Akwai Bakanike, akwai Bakanike 2, akwai Mai Gyaran Janareta da ke kira ƙarfe sha ɗayan dare a gidan da ba a taɓa sayen janareta ba, kuma maigida sai ya fita zaure kafin ya amsa masa, da murya ƙasa-ƙasa. Wannan ne kiran da ba a taɓa sawa a sifika ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rumfar mai caji, inda wayoyi hamsin ke kwance a kan katako, kowace da 'yar takarda mai lamba. Nan dattijon ya nufa da aka sauka a Zariya. Ya miƙa wayar, ya ce a tura masa wa'azi, yaron ya tambayi lambar buɗewa, ya faɗa masa sau biyu a gaban masu shayi. Har ya yi taku uku sai ya juyo ya ɗaga yatsa: "Yaro, ka kiyaye, kar ka taɓa mini filastar nan."