Yadda Ake Nuna wa Yara Daji Ba Tare da An Je Dajin Ba

Sansanin yini na dogon hutu tsari ne da ake tara yara da safe, a nuna musu itatuwa da tsuntsaye da ƙwari, a mayar da su gida kafin la'asar adadinsu bai ragu ba. A Gusau da Tsafe da Bungudu lokacinsa yakan faɗo ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, tsakiyar damina ke nan, gero ya yi tsawo, sauro ya yi ƙiba, iyaye kuma sun gaji da 'ya'yansu tun a makon farko na hutu. Wannan gajiya ita ce jarin mai sansani. Kada ya ruɗi kansa cewa son ilimin halittu ne ya cika masa rajista.

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri, kuma a takarda Zamfara ta wadata. Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu, wanda ya yi suna da maiki. Ga gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu, ga madatsar ruwa ta Gusau, ga duwatsun Tsafe da tsohon garin malamai na 'Yandoto. Mai sansani zai jera su duka a takardar talla da manyan baƙaƙe, ya kai wa uba na farko. Uban zai karanta har ƙasa, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wanga dutsi, kai za ka kai su, ko hotonai za ka gwada masu?" Amsar da ta dace ita ce hoto. Saboda haka ake yin sansanin a harabar makaranta mai katanga da ƙofar ƙarfe, a Tudun Wada ko Samaru, inda dajin ya ƙunshi dogon yaro biyu, mangwaro ɗaya, da wani zogale da maigadi ya riga ya yi wa aski.

Mataki na biyu ƙidaya ce. Yaron da aka biya wa kuɗi ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo riƙe da hannun ƙaninsa, ƙanin kuma yana jan wata 'yar baƙuwa da ta zo hutu daga Ƙauran Namoda. Uwar za ta leƙo daga cikin Keke Napep ta ce, "Malam, ga su nan, ba su da rigima, kallo kawai za su yi," kafin ya buɗe baki keken ya sha kwana. Masu kallon nan su ne ke fara cin abinci, su ne ke neman bayi a daidai lokacin da aka hango hawainiya, su ne kuma ke ɓatar da takalmi. Takalmin ƙafa ɗaya ne kullum, sabo ne kullum, kuma na sallah ne. Uwar da ba ta biya sisi ba ita ce za ta bugo waya bayan isha'i ta tambayi inda aka kai shi, ta ƙara da cewa yaron ya dawo da ƙarangiya a wando, shin babu mai lura da su ne? Akwai mai lura. Yana zaune yana cire tasa ƙarangiyar.

Na uku shi ne abin da za a koyar, kuma a nan damina ba ta rowa. Gawo itace ne mai taurin kai: yana zubar da ganye sa'ad da kowa ke tofo, ya yi kore da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, gero ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, dabbobi su ci 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Shamuwa tana isowa da farkon ruwa, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta koma kudu idan damina ta ja baya. Balbela na bin shanu don ƙwarin da suke tayarwa. Shinge kan fito bayan ruwan dare ya rufe fitila. Ga tafasa a gindin katanga, ga buzuzu yana tura kayansa da baya. Duk wannan malami zai iya haddacewa a daren jajibere. Abin da ba zai iya shirya wa ba shi ne yaron nan da iyayensa suka taso daga wani ƙauyen Tsafe, wanda zai ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wannan ba sabara ba ce, kalgo ne." Shawarar masana ita ce a naɗa shi mataimaki nan take. Shi kuwa dogon yaron da aka dogara da inuwarsa, asalinsa daga Indiya ne, zamanin Turawa aka kawo shi, amma babu dole a faɗa wa iyaye.

Halittar da ta fi yawa a harabar ba ta cikin kowane littafi. Leda ce. Iri biyu ce, baƙa da ta fiya wata, tana tsirowa a jikin waya da rassan itace, ba ta buƙatar taki, ba ta jin fari. Ita ke toshe kwalbati har ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, ruwan ya haifi sauro, sauron ya sallami yaro zuwa kemis. Akuya ta ci ta ta kumbura. Idan aka ce yara su tsinto abubuwa biyar daga cikin halittun Allah, huɗu leda ne, na biyar murfin kwalba. Aka sa su kwashe ta da sunan darasin tsabtace muhalli, sai a tashi cin abinci kowa ya buɗe awararsa daga sabuwar leda, ya sha ruwa, ya jefar a inda aka share.

Na huɗu, ko na biyar, hadari. A watan Agusta yakan taso daga gabas a daidai lokacin da aka gama jera yara a layi. Sauran darasin a aji za a yi shi, ƙarƙashin kwanon da ba a jin maganar kowa.

Dalilin zaman cikin katanga kuwa ba abin dariya ba ne. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe. A Satumbar 2021, bayan satar ɗalibai a Maradun, aka rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, kasuwannin mako kuwa tun kafin nan aka dakatar da su. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima ma, na mutane masu gemu da digiri, sai da aka ɗauke shi daga Tsafe. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ana duba agogo kafin a hau ta, manoma a wasu ƙauyuka sai sun biya 'yan bindiga kafin su shiga gonakin da suka gada. Yaran da kakanninsu suka yi kiwo suka tsinci kanya da ɗinya a waɗannan dazuzzuka yanzu a allo ake zana musu kuka da alli. Dutsen yana nan, gulbin yana nan, abin da ya rage kawai a samu hukumar da za ta mayar da hanyar ta zama ta masu tafiya.

Sauran matakan gajeru ne. A tanadi sabulu. Kada a yarda kowa ya zo da gwafa, tsuntsun da aka zo kallo shi ne zai fara tafiya. Kwaɗon da aka kama a sake shi kafin a tashi, domin a jakar wani zai kwana. Kuɗin rajista kuma a karɓe shi cif tun ranar farko, saboda ranar rufewa mai keke ake turowa ya kwashi yaran, shi kuwa ba a ba shi saƙon komai ba.