Yadda Aka Buɗe wa Vespata Wuta

A Kano, Vespa abin hawan dattawa ne: malamin makaranta, tsohon akawu, mai unguwa, ladani. Ba a tsere da ita, ba a ɗaga tayarta a bikin aure. Tawa gado ce daga mahaifina, PX 150, daga zuriyar da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977. Giyarta huɗu a hannun hagu, birkin baya a ƙafa, in ta yi gardama da safe sai a kwantar da ita gefe kaɗan a buga kik, ta tashi. Injinta irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya ne, mililita 100 na mai a lita 5 ta fetur. Ba shi da bawul irin na injin mota. 'Yan ƙofofi ne a jikin bulo, fistin yana hawa yana sauka yana buɗe su yana rufewa, kuma duk hawa ɗaya fulogi ya ba da wuta. Man da ke cikin fetur ɗin nan shi kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Muna zaman lafiya da ita har ranar da wani Adaidaita Sahu, cike da mata da buhun gawayi a kai, ya wuce ni a titin Zariya. Wucewar ba ta dame ni ba. Yaron da ke tuƙi ne ya leƙo ya ce, "Baba, a ɗan matsa gefe, ko turi ake buƙata?" Ni da furfurata ba ta kai a ƙirga ba!

Washegari na kai ta wajen bakanikenmu na Fagge, wani tsoho da ya gyara ta tun zamanin mahaifina. Ya tayar, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Gawayi ne ya toshe salansa. A ƙone shi, a sake ringi, a wanke kabureta, a sa sabon fulogi. Za ta kai ka makaranta ta dawo da kai." Da ya faɗi kuɗin aikin sai raina ya ɓaci, domin gyara mai arha haka ba zai rama mini cin mutuncin titin Zariya ba.

Ina fita yaronsa ya biyo ni, yana waige-waige. "Yallaɓai, Oga ya iya aiki, amma ba ya kallon YouTube." Ya nuna mini Turawa a wayarsa suna cire bulon 150 suna sa na 177, ƙirar Polini ko Malossi, Vespa tana tashi da tayar gaba a sama. Na tambayi farashi. Ya ce mu ba ma buƙatar wannan asarar, magagari ma zai yi aikin. Aka yi sa'a Oga ya tafi ta'aziyya ƙauye, yaro ya samu fili.

Da farko ya goge leɓen sama na ƙofar hayaƙi da magagari, don ta riƙa buɗewa da wuri. Wannan dabara ce ta gaske, masu tsere suna yin ta: inji yana samun numfashi idan ya kai ƙololuwar juyawa, amma yana rasa ƙarfin tashi daga tsaye. Wannan rabin na biyu bai zo a bidiyon ba, ko kuma data ta ƙare kafin a kai wurin. Sai salansa. Ya cire ta asali ya sa wata mai ƙaton ciki. Ita ma akwai ilimi a bayanta: bugun hayaƙi yana tafiya ya daki ƙarshen cikin ya dawo, ya tura feturin da ya fara tserewa ya koma cikin bulo. Sai dai tsawonta da faɗinta lissafi ne na injiniyoyi, tamu kuwa wani mai walda ne ya auna ta da ido, yana cin gyaɗa. A ƙarshe yaron ya cire matatar iska ya jefa a kwali, ya ce ita ce ke shaƙe wa injin wuya.

Da aka buga kik, awakin layin suka watse. Ƙarar ta fito kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Yaro ya yi murmushi ya ce, "Ka ji lafiya, Yallaɓai."

Ban yi mako ba liman ya aiko, cikin ladabi, cewa in riƙa tura ta zuwa bakin titi kafin in tayar, saboda masu jego da marasa lafiya. Uwargida ta hau sau ɗaya ta ce ta yafe. A cunkoson Ƙofar Nassarawa kuwa na ga abin da ban taɓa gani ba. In na saki kuloci a hankali, yadda na saba shekara da shekaru, sai ta yi tari ta mutu, masu mota su cika ni da hon. In na murɗa totur da ƙarfi sai ta yi jim, ta yi jim, can kuma ta zabura gaba ɗaya, in tsinci kaina ina ba mai lemo haƙuri. Tsakanin mutuwa da zabura ba ta da wata tafiya, alhali duk zirga-zirgar Kano a tsakanin nan take. Fetur kuma, da ya riga ya zama abin lallashi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, sai ta koma shan sa da hannu biyu. Na koma wa yaron, ya ce birni ne ya yi mata kaɗan, in jarraba ta a buɗaɗɗen titi.

Damar ta zo da ɗaurin aure a Wudil, wata safiya cikin hunturu. Surukina ya rasa mota, uwargida kuma ta ce in kai shi. Mutum ne da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Saboda girmansa na ninka baƙin mai a tanki, don kada a ce na yi wa injin rowa a ranar da ya ɗauki babban baƙo. Ya hau da babbar rigarsa mai sitati, ya bar tazarar mutunci tsakaninmu, ya yi addu'ar hawa.

Muna wuce Mariri titi ya buɗe, sai ga Adaidaita a gabana. Ba wancan ba ne, amma duk danginsu ɗaya. Na murɗa. Vespa ta yi jim ɗinta, sannan ta zabura, tazarar mutunci ta ƙare nan take: surukina ya rungume ni ta ciki da hannu biyu, gemunsa a wuyana, yana salati da ƙarfi. Muka wuce Adaidaita fuu. Allurar mita ta daɗe da mutuwa, saboda haka duk gudun da na ce mun yi ba mai ƙaryata ni.

Can sai ƙarar ta sirance, ta koma wani siririn kuka, sannan ɗif. Tayar baya ta ƙame tana jan ƙasa. Allah ya jiƙan mahaifina, shi ya koya mini cewa in haka ta faru a damƙe kuloci. Na damƙe, taya ta saki, muka gangara a hankali cikin wata gona muka tsaya a jikin tarin kara. Hular surukina ta riga mu sauka tun a titi. Ya sake ni, ya gyara riga, ya dubi gabas da yamma, ya ce, "Malam, mun iso ne?"

Adaidaitan da muka wuce shi ya tsaya. Har hular ya tsinto. Shi ya ƙarasa da surukina Wudil, ya dawo ya ɗauke ni da Vespa, rabinta a waje, kuma duk hanya bai ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Tsohon bakanike bai yi faɗa ba. Fulogi kawai ya kwance ya miƙo mini. Bakinsa fari fat. "In inji na ƙoshi, ruwan ƙasa za ka gani," in ji shi. "Wannan yunwa ce ta kashe shi." An ƙara masa iska ta gaba da ta baya, amma jet ɗin kabureta, ɗan ramin da fetur ke bi, yana nan yadda Italiyawa suka bar shi. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya kama jikin bulo. Sanyin hunturu ya ƙara, domin iska mai sanyi ta fi cika inji, ga ƙura tana shiga ba matata. Na kawo maganar man da na ninka, ina jiran yabo. Ya ce ta rami ɗaya mai da fetur ke wucewa, duk man da ya ƙaru gurbin fetur ya ci. A ganina wannan laifin masu ƙera ramin ne, amma ban ja da shi ba.

Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa, sai da na sayi bulo da fistin da ringi, kuɗin ya ninka na gyaran farko sau da yawa. An mayar da matatar iska, an sa jet mai ɗan faɗi, an kuma hana ni gudu sai sabon ringi ya zauna. Yanzu tana tashi daga tsaye lafiya lau. Yaron, har gobe ina cewa yana da basira, titin Wudil ne bai dace da aikinsa ba.

Abu ɗaya ya rage. Salansata ta asali yaron ya sayar wa 'yan gwangwan tun ranar farko, don haka mai ƙaton cikin ce har yanzu a jiki. Duk mai salansar PX 150 ta asali a ajiye, don Allah ya neme ni. Liman ya ce shi zai biya rabin kuɗin.