Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Jirgin Sama

Ranka ya daɗe, Sarkin Sama,

Bayan gaisuwa, da fatan fukafukai suna lafiya. Ni ne talakanka na Zangon Tamale da ka ɗauka jiya da hantsi za ni ɗaurin aure Kumasi, ka sauke ni bayan an shafa fatiha an watse. Ko ɓarin goro ban samu ba.

A gafarce ni, tambaya gare ni. Daga Tamale zuwa Kumasi, in an miƙe ta sama, kusan kilomita 330 ne, tafiyar da ba za ta ci maka awa guda ba. To me ya kai mu Akra? Ka kwashe ni kilomita 400 da ɗoriya har bakin teku, ka dasa ni a kujerar ƙarfe awa huɗu, babbar rigata tana yamutsewa, sannan ka juyo da ni arewa wata kilomita 200. Na biya kuɗin hanya biyu don in makara sau ɗaya.

Ƙanena kuwa da asuba ya shiga mota a tasha. Ya haye gadar Yapei da ta Buipe, ya ci waken shinkafa a Kintampo, ya yi barci har Tachiman. Ina zaune ina ƙirga fitilun rufi sai ga wayarsa: "Yaya, kana ina? Liman ya zauna." Na ce ina Akra. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Lafiya dai?"

Kai, jirgi! Tun 2016 kake ɗaukar alhazai daga Tamalen nan kai tsaye zuwa Saudiyya, ka ƙetare Sahara da Bahar Maliya ba ka ɓata ba. Kumasi ce ta gagare ka? A 2023 an buɗe maka sabon gini a filinmu, a 2024 an buɗe maka wani a Kumasi. Gida biyu sababbi fil, maƙwabtan juna, amma ba sa gaisawa sai ta bakin Akra, kamar kishiyoyi. Fataken Gwanja da suka yi safarar goro ta Salaga, da jakuna suka yi ta, kuma ban taɓa jin jakin da ya ce sai ya leƙa teku kafin ya juyo ba.

Maganar hazo, da kake ganin ƙurar hunturu ka ƙi tashi kamar amarya, mu bar ta sai wani jiƙon. Haka ma tsadar ruwan gora.

Ranka ya daɗe, in Allah ya kawo rabo, wata tara nan gaba akwai suna. Kada ka wahalar da kanka, ƙanena ya ce zai kama mini kujerar gefen taga.

Naka mai biyayya,
Talakan da ya ƙoshi da ganin teku