Bazazzage Ya Gina wa Shata Uwar Garke

Malam Bazazzage, yarona na Samaru, ina gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bara mai ƙoƙari. Labarinka ya riga ka isowa Kano. An ce tun bayan ƙaramar salla ba ka barci, uwargida ba ta barci, har almajirin gidanku ya san akwai wani gagarumin aiki a ɗakin baƙi. Wai manhaja kake nema wadda za ka ɗora a kwamfutarka ta zama uwar garke, ta tattara waƙoƙin da ka tara tun zamanin kaset, ta riƙa miƙo maka su a waya duk inda ka shiga. An ce har littafi ka saya, ka ja layi da rula, ka jera Plex, Jellyfin, Navidrome, Airsonic, Ampache da Funkwhale, kana ba kowacce maki da jan biro. Da na ji haka na ce wannan ba sai an faɗa mini garin mai aikin ba. Tun da aka dasa muku jami'a a 1962, ko shayi za ku sha sai an kafa kwamiti.

Mu a nan ba ma wahalar da kanmu. Mutum ya shiga Farm Centre, ya sayi memori mai giga 64, ya miƙa wa yaro mai tura waƙa, kafin ya gama cinikin gilashin waya an cika masa. Waƙar MP3 ta yau da kullum tana cin kusan mega ɗaya a minti ɗaya, ka ga ke nan wannan ɗan ƙanƙanin abu zai ɗauki sama da awa 1,000. Ka kunna shi dare da rana ba tsayawa, sai ka yi kwana arba'in ba ka ga ƙarshensa ba. Ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da data. Shi ya sa ake ce mana ko da me ka zo an fi ka.

To amma gaskiya ko daga bakin Bazazzage ta fito sai a karɓa, bayan an wanke ta. Niyyarka tana da kyau. Memori yana mutuwa ba sallama, waya tana shiga aljihun wani a kasuwa, kuma amanar kamfani ba ta da tabbas. Google Play Music ta bar mutane su ɗora waƙoƙinsu har 50,000 kyauta, suka saki jiki, a ƙarshen 2020 aka rufe shagon, a Fabrairun 2021 aka share abin da ba su kwashe ba. Spotify ta shigo Najeriya a wannan watan, amma je ka nemi duk abin da Narambaɗa ko Ɗan Anace suka rera ka ga iya abin da za ka samu. Wanda ke da irin taskarka dole ya riƙe ta a hannunsa. Wurin da muka rabu da kai shi ne, kai kana zaton wahalar tana wajen zaɓen manhaja. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma bari in rage maka shi.

Plex dai soke ta. Kyau kam tana da shi, kuma Plexamp, manhajarta ta waya, ta iya jera waƙa bayan waƙa. Sai dai dole ka buɗe asusu a wurin kamfaninsu na Amurka kafin ka shiga abin da ka gina da guminka, kuma ranar da intanet ta yanke, in ba ka riga ka gyara saiti ba, kwamfuta tana ɗaki kana tsakar gida za a hana ka waƙarka. Sauke waƙa a waya don ji ba data, wanda shi ne abin da ka fi bukata, sai mai Plex Pass. A Afrilun 2025 suka ɗaga kuɗin biya-sau-ɗaya daga kusan dala 120 zuwa kusan 250. Juya shi zuwa naira da kanka, ai kai ne ɗan boko. Ka gudu daga biyan kuɗin wata-wata ka zo nan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Jellyfin kyauta ce, ba ta tambayar ka asusun kowa. A Disambar 2018, da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu, wasu suka ɗauki kwafin da ke buɗe suka ci gaba da shi da wannan suna. Don finafinai aka fi gina ta. In kana da tarin finafinan Ibro da kake son haɗawa da waƙoƙin a wuri ɗaya, ɗauke ta, ka sa Finamp a waya, ba za ka yi nadama ba. Amma na san ka, ko a gidan biki aka kunna talabijin gyangyaɗi kake yi.

Ampache tana nan tun 2001, sai ka tanadar mata PHP da rumbun bayanai kafin ta motsa. Funkwhale kuwa an yi ta ne don jama'a su riƙa raba wa juna abin saurare, kai da ko cajar waya ba ka bayarwa aro. Airsonic jikar Subsonic ce, wadda wani mutumin Norway, Sindre Mehus, ya rubuta ya kuma rufe a 2016. Da Java suke aiki, suna da nauyi, kuma aikin gyaransu ya yi sanyi. Gadon da Subsonic ta bari mai amfani shi ne tsarin da waya ke magana da uwar garke da shi, wanda manhajoji da yawa suka ɗauka: DSub, Ultrasonic, Symfonium, da Amperfy ga masu iPhone.

Saura Navidrome, wadda na ji ka ba ta maki mafi yawa, kuma a nan ka yi daidai, wataƙila bisa kuskure. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukar ta, tana jin wancan tsari na Subsonic, kuma ba ta taɓa fayilolinka, karantawa kawai take yi. Sai dai tana da hali guda. Ba ta bin sunan folda. Kowane fayil na waƙa yana da katin shaida a cikinsa, inda ake rubuta sunan mawaƙi, sunan waƙa, sunan kundi da shekara. Abin da ta gani a katin nan, shi za ta jera maka.

Ni kuwa na ga sakamakon da idona, ranar wani suna a Tudun Wada da ka janye ni gefe kana cika baki. Ka buɗe wayar, muka tarar da Shata huɗu: Mamman Shata, Dr Mamman Shata, Alhaji Mamman Shata Katsina, da wani SHATA da manyan baƙaƙe mai waƙa ɗaya tal. Ɗanƙwairo ya rabu uku, ɗaya da ƙugiya, ɗaya ba ƙugiya, ɗaya an raba sunan biyu. Mawaƙin da ya fi kowa yawan waƙa a gidanka shi ne wanda manhajar ta kira wanda ba a sani ba, kuma bakandamiyarsa ita ce AUD-20190412-WA0007. Na biyu a yawa wata lambar waya ce, ta yaron da ya tura maka waƙoƙin ya cusa tallarsa a gurbin sunan mawaƙi. Sannan ga hoton Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa a kan waƙar Barmani Choge. Wannan kam ban yi mamaki ba. Mutanen da mace da namiji duk "ya zo" ne a bakinsu, ta ina kwamfutarsu za ta bambance?

Ka ce mini kada in damu, akwai MusicBrainz Picard, tana sauraren waƙa ta gane ta, ta cike katin da kanta. Haka ne, in waƙar tana cikin rumbunsu. Waɗanda suka yi Picard sun saba da mawaƙin da zai shiga situdiyo ya fito da kundi mai suna da shekara da jerin waƙa goma. Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1999 bai taɓa zama ya ƙirga nasa ba. Waƙa ɗaya zai yi ta a gidan rediyo, ya sake yin ta a fagen biki da wasu baitoci daban, wani ya naɗa a kaset, wani ya kwafa daga kaset ɗin yana tari a tsakiya. Irin wannan Picard ba ta san shi ba, ko ta yi shiru ko ta laƙa masa sunan wani Bature. Aikin hannu ne, Malam. Ka zauna ka yanke yadda za ka rubuta sunan kowane mawaƙi, sau ɗaya, ka tsaya a kai. A gurbin kundi ka sa inda abin ya fito, kaset kaza ko naɗin rediyo. Shekarar da ba ka tabbatar ba ka bar ta fanko, kada ka yi mana irin tarihin da kuke ba baƙi a kan ganuwar Amina. In kuma ƙiwuya ta hana ka, tunda foldojinka sun fi katunanka tsari, akwai gonic, ita tana nuna folda yadda ka jera ta.

Af, na kusa mantawa. An ce ka kwana kana juya waƙoƙin WhatsApp zuwa FLAC don sauti ya ƙara kyau. FLAC tana adana abin da aka ba ta ne ba ragi, ba ta dawo da abin da ya riga ya zube. Abin da ka samu shi ne fayil ya ninka girma sau biyar ko fiye, tarin mai kaset yana nan daram. In kaset na asali kake naɗowa, ko faifan CD, to a nan FLAC ta yi rana.

Sai maganar wuta, wadda ban ga layinta a littafinka ba. Uwar garke sunanta uwar garke ne in tana kunne. Ka tuna Oktoban 2024, da Arewa ta kwashe sama da mako cikin duhu. Na ji kana sha'awar Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila da ba ta fi tafin hannu ba. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, amma a kan memori take tafiya, kuma ɗauke wuta ba zato yana iya lalata shi. Tsohuwar laftof ɗin da ka jefa ƙarƙashin gado ta fi dacewa da kai, domin da batirinta ta zo. Ka haɗa ta da solar gidan, ka rufa mata asiri daga ƙurar hunturu.

Bayan katin shaida da wuta, na uku shi ne data, kuma nan ne dariya ta kusa kashe ni. Direban da ya ɗauko ka daga Kwangila ya ba ni labari a Unguwa Uku. Ka sa ya kashe rediyonsa, ka ce yau za a ji Ɗanƙwairo kai tsaye daga ɗakinka na Samaru. Ana wuce Kwanar Dangora waƙa ta tsaya cak a tsakiyar amshi, fasinjoji suka zuba maka ido, kai kuma kana ɗaga waya sama ta taga. Ai tun farko sai da ka sha fama kafin wayar ta ga gida, domin kamfanonin waya sukan tara mutane da yawa a kan adireshin intanet guda, ba ƙofar da za ka buɗe daga waje. Tailscale ce ta cece ka, ita ce ke haƙa hanya ta sirri tsakanin wayarka da laftof. Amma ba ka yi lissafi ba: intanet ɗin gidanka data ce, ta wayarka data ce. Kowace waƙa ka biya a Samaru don ta fita, ka biya a mota don ta shigo, kamar wanda ya yi wa tuwon gidansu dako zuwa tasha ya sake saye. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Maganin yana cikin saitin da ka tsallake. Ka sa Navidrome ta riƙa matse waƙa zuwa Opus kafin ta aiko, data za ta ragu sosai. Mafi alheri, ka sauke abin da za ka ji a waya tun kana gida a kan waifai, ka fita ba ka bin kowa bashi.

Wasu za su ce maka Syncthing kawai ta isa, ta riƙa daidaita foldar kwamfuta da ta waya ba tare da wani kamfani a tsakani ba. Tana aiki, amma ka san halinta. Abin da aka goge a nan, za ta goge shi a can, da biyayya. Ranar da autanka ya karɓi waya zai yi wasa, ya share Narambaɗa don ya samu wurin wasan ƙwallo, kafin ka idar da sallar isha'i an share shi a laftof ma. Sai ka saita foldar kwamfuta ta zama mai aikawa kawai. Kuma masu ita sun daina fitar da manhajarsu ta Android a ƙarshen 2024, sai reshen da wasu ke riƙe da shi.

Wata magana kuma ba ta wasa ba. Tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya daban, amma su Aminu Ala da Ali Jita da Nura M. Inuwa suna nan da ransu, da waƙar nan suke cefane. Kada ka raba wa duk Samaru kalmar sirrin uwar garkenka ka ce sadaka kake yi da gumin mutanen Kano.

Ga hukunci, tunda kwamitinka ya kasa. Tsohuwar laftof, Navidrome, manhajar waya mai sauke waƙa, Tailscale don ranar larura. Kafin duk wannan, ka ba katunan shaida wata guda, ka fara da haɗe Shata huɗun nan su koma mutum ɗaya. Sannan ka sayi faifan ajiya na biyu, ka kwafe komai a ciki, ka ajiye shi a wani gida da ba naka ba, domin gobara da ɓarawo ba su san Navidrome ba. Gidan da ya dace kuwa kai ma ka san shi. Ka kawo mini shi Kano da hannunka kafin watan cika-ciki, ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka gudu da su.