Ina Ne Gidan Bikin?

Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro lambar QR a 1994, don bin sawun sassan mota. Yau ga ta a katin ɗaurin aure a Kafanchan, ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Mai buga kati ya rantse ita ake yayi. To, baba mai citta daga Kachia, da 'yar wayarsa mai tocila, me zai haska?

Gajeren adireshin intanet kuwa, kuskuren harafi ɗaya, ka nufi gidan amarya ka tsinci kanka a shafin caca.

Masu wayo kan buga duka biyun, can ƙasa su ƙara: "Bayan tashar jirgin ƙasa, a tambayi mai shayi." Shi kansa mai buga katin, wajen mai shayin ya tsaya tambaya.