Jirgi Mai Fiffiken Hagu Biyu

Tunda maganar ta riga ta fita daga gidana ta kai majalisar ƙofar masallaci, har wasu na ƙara mata gishiri wai na kusa kashe jaki, gara in ba da labarin da bakina. Jakin nan ko ƙwarzane bai yi ba. Tsorata kawai ya yi, kuma ba ni na ce a ɗaure shi a gindin gawo ba.

Jirgin da na haɗa sunansa Hurricane. Yawancin masu shiga harkar ƙera ƙananan jirage masu tashi da rimot, Spitfire suke fara so, saboda kyan fiffikensa. Ni kuwa Bakano ne, ina da nawa dalilin. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙin Hitila, hanyar Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa ga Turawan Ingila, ga shi suna bukatar jirage a Masar. Sai suka riƙa cusa jiragen a akwatuna, jirgin ruwa ya kai su Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a haɗa su a can, su taso ta Legas, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri, su ratsa Sudan ta Al-Fashir da Kartum har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya taso a watan Satumban 1940, Hurricane 6 da wani jirgi mai inji biyu, Blenheim, yana yi musu jagora. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda suke barin noma su daga kai idan ƙarar jiragen nan ta taso.

Sydney Camm ne ya zana Hurricane, ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamban 1935, an ƙera fiye da 14,000. A gumurzun sararin Ingila na 1940 shi ya fi kakkaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire ne ya tafi da sunan. Duk wanda ya yi aikin gwamnati shekara da shekaru ya san ciwon nan, a yi aiki wani ya kwashi yabo. Nan take na ji jinina ya haɗu da nasa.

Na yi odar kayan ta intanet. Ranar da kwalin ya iso, uwargida ta zo ta tsaya a kaina, don ta ji labarin kuɗin da aka biya, tana zaton za a fito da wani abin kirki. Na buɗe. Tsinkayen katako ne da falle-fallen katako, sai wata doguwar takarda a naɗe.

"Malam, wannan kararen ka saya?"

Na yi mata bayani cewa balsa ne, itace ne da akasari daga Ikwado yake zuwa, can Kudancin Amurka, kuma saboda rashin nauyinsa ake sonsa. Ta ɗauki falle ɗaya ta danna masa farce, farcen ya nutse. Ta ajiye ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai jinya sannu.

Girman jirgin kashi ɗaya ne cikin goma na ainihin. Faɗin fukafukan na gaske ya ɗan haura mita 12, don haka nawa mita 1 ne da santimita 22. Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa takardar zanen a kan allo, a rufe ta da farar leda, a jera haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya a kan layinsa, a kafe da fil, a ɗiga sufa gulu. Gam ɗin nan ba shi da wata gaggawa a kan katako, amma da ya taɓa fatar ɗan Adam shi ke nan an ɗaura aure. Daren farko da haƙarƙari na bakwai manne a babban yatsana na kwana, tuwo ma da cokali na ci.

Fiffiken farko ya yi kyau ƙwarai. Na cire shi, na gyara leda, na haɗa na biyu, ya ma fi na farkon tsafta don hannuna ya faɗa. Na kira ɗan ƙanwata, wanda ke karatun injiniya, ya zo ya ga aiki. Ya ɗauki wannan, ya ɗauki wancan, ya jera su, ya yi shiru.

"Kawu, ai duka biyun na hagu ne."

Na ce ya juya ɗayan mana. Ya ce ba ya juyuwa, bayan fiffike a gantsare yake, cikinsa kusan a shafe, gabansa da kauri, bayansa siriri, in aka kifa shi ƙasa zai riƙa danna jirgin. Duk na san wannan, ina gwada shi ne. Abin da ya faru shi ne masu buga takardar, saboda rowar takarda, fiffike ɗaya kawai suka zana. Can a kusurwa, da rubutun da sai mai tabarau biyu zai gani, suka ce a shafa wa takardar mai har zanen ya fito ta baya, a kifa ta, a haɗa na dama. Ni ban taɓa jin inda aka sayar wa mutum rabin zane a kuɗin cikakke ba. Na ɗebo man gyaɗa a kicin na shafa, na haɗa na dama, ragowar na hagun kuma na ɗora shi a saman wadirof, inda ba mai yi masa tambaya.

Gangar jikin ba ta ba ni wahala ba. Hurricane na gaske ma daga bayan matuƙi zuwa jela, siraran katako ne aka jera a kan ƙarafa aka lulluɓe da yadi, don haka ƙaramin da babban kusan aiki ɗaya ne. Lulluɓin ne ya zo da magana. Wata leda ce mai gam a ciki, in ta ji zafi sai ta kama katako ta ɗame. Da dutsen guga ake yi, a rage masa wuta sosai. Ina cikin yi aka ɗauke wuta. Mai azama ba ya jiran masu wuta, na aiki yaro ya aro mini na gawayi. Dutsen gawayi kuwa ba shi da abin rage zafi, abin da ya ga dama shi yake yi. Na ɗora shi a gefen jirgin, na ji wani ƙauri, na ɗaga, sai ga taga inda Sydney Camm bai zana taga ba. Da aka dawo da wuta na ƙarasa da na uwargida, na mayar mata inda na ɗauka. Washegari ta ɗora shi a kan mayafin da za ta je biki da shi. Ba zan maimaita abin da aka faɗa ba. A lissafin kuɗin jirgin dai akwai mayafi ɗaya da turmin atamfa na ban haƙuri.

Daga nan aka zo wurin da ya fi ɗaukar raina, wato ado. Jirgi na iya tashi ko da fenti ko babu, amma in ba a yi masa kamanni ba ai ba Hurricane ba ne, katako ne mai farfela. Launin yaƙin hamada na zaɓa, sama ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a cakuɗe, ciki shuɗi mai haske. Na sassaƙa masa ƙaton matacin iskar nan da ake maƙala wa jiragen ƙasashe masu ƙura a ƙarƙashin hanci, wanda ke sa su yi haɓa. Na huda ramukan bindiga 8, huɗu a kowane fiffike. Na yanka bututun biro na yi salansa, na shafa musu baƙin tukunya don a ga alamar hayaƙi. Kawunan ƙusoshin jiki kuwa da sirinji na yi su, ɗigon farin gam ɗaya bayan ɗaya, har idona ya fara ganin biyu-biyu. Tambarin da'irar nan na gefe, ja da fari da shuɗi da zoben rawaya, da murfin kwalabe na auna shi. Matuƙi ne ya gagara. Na duba ko'ina ban samu ba, sai ga 'yar tsanar autata a tsakar gida, kanta daidai awo. Na yi mata aski, na zana mata hular fata, 'yan kunnen ne dai suka ƙi fita. Auta ta yi kuka, aka sasanta da alewa da alkawarin sabuwa.

Lokacin hunturu ne. Na fesa fenti da yamma na bar shi a tsakar gida ya sha iska. Da asuba na fito na tarar hazo ya sauka cikin dare, jirgi ya koma kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli. Na goge da samfefa na sake fesawa. Ƙura ta dawo, na sake. Jelar ce ta fi shan fenti don ita ke kallon ƙofa. Uwargida tana wucewa da tsintsiya ta ce, "Malam, a dai yi hankali, garin gyaran gira ake rasa ido." Na ce mata wannan harkar kimiyya ce.

Kimiyyar ta bayyana ranar awon nauyi. Kowane jirgi yana da wurin da nauyinsa ya kamata ya tsaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike in an auno daga gaba. Akan sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike a daidai nan a ɗaga. In hanci ya ɗan sunkuya, to madalla. Na ɗaga nawa, jela ta tafi ƙasa, hanci ya kalli rufin ɗaki. Ɗan ƙanwata ya ce fenti ne. Ni na ce laifin tarihi ne, don na gasken yana ɗauke da injin Rolls-Royce Merlin mai silinda 12 da nauyin fiye da kilo 600 a ɗan gajeren hancinsa, nawa kuwa injin lantarki ne ɗan mitsitsi da batir. Magani dai ɗaya ne, a ƙara nauyi a hanci. Na je wurin mai faci na sayi dalmar da suke maƙala wa ƙafar mota, na cusa ta can ƙuryar hanci, na zuba mata gam ɗin kyandir. Ɗan ƙanwata ya ce a ɗaure ta da noti. Na ce yaro, gam ɗin nan shi ke riƙe da takalmina tun bara.

Ranar tashi na sa jirgi a but, muka kama hanyar bayan gari, nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano, don ba na son doguwar magana da hukuma. A hanya muka biya ɗaurin aure, mota ta yi zamanta a rana har bayan azahar. Da muka isa na fito da shi, na ji wani abu ya yi ƙwal a cikinsa.

"Kawu, ka ji?"

Na ce katako ne yake miƙa.

Kafin in haɗa batir yaran ƙauyen sun cika wurin, ban san daga inda suka ɓullo ba. Wani ɗan banga ya zo da gorarsa ya tambaya ko jirgin leƙen asiri ne. Na ce na wasa ne, ba kyamara a jikinsa. Ya durƙusa ya leƙa ta gilashi ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, mace ce take tuƙawa?"

Na gwada leɓɓan fiffike da na jela, duka suna amsa rimot yadda ya kamata. Na ajiye shi a kan burji yana fuskantar iska, na yi bisimilla, na tura masa wuta. Ya zabura, ya ɗaga ƙura, ya rabu da ƙasa. Wallahi na ɗan lokacin nan Hurricane ne sak, haɓar, launin, har ƙusoshin sirinjina suna ƙyalli. Yara suka ɗauki ihu.

Sai ya ɗaga hanci. Na ɗan danna sanda gaba, ya kifa kai ya nufo ƙasa. Na ɗan ja baya, ya miƙe tsaye yana kallon sama. Haka jirgi mai nauyin jela yake, ka ce masa ɗaya ya yi goma. Gudunsa ya mutu a can sama, ya ɗan tsaya yana tunani, fiffike ɗaya ya faɗi, ya wulwulo ya juyo ya nufo mu. Abin da mutanen majalisa ba su sani ba shi ne, in jirgi ya fuskanto ka, damarsa ita ce hagunka. Na karkata shi ya bar jama'a, shi kuwa ya fahimci in bi jama'a nake nufi. Yara suka zube a ƙasa. Ɗan banga ya yar da gora ya tsallake kunya uku a tsalle ɗaya. Jirgi ya wuce ta saman hulata, ya nufi gawon da ke bakin gona, wanda shi kaɗai ke da ganye a wannan rani, shi ya sa aka ɗaure jaki a inuwarsa. Aka ji ƙaras. Jaki ya tsinke igiya ya kama hanyar gida, ya ma riga mai shi isa.

Na biya kuɗin igiya, na ƙara da na goro, mai jakin ya ce ba komai, amma in za a sake a faɗa masa tun da wuri ya zo ya yi kallo. Yara suka hau gawo suka sauko da abin da ya saura, ƙaya na karce su. Batirin ya lanƙwashe ya fara kumbura, irinsa kuwa wuta yake kamawa, don haka muka tona yashi muka binne shi muka ja da baya. Ɗan ƙanwata ya girgiza gangar jikin, ya zura hannu, ya zaro dalmar daga can cikin jela, gam ɗin kyandir na manne da ita ya narke ya sake daskarewa. Ya nuna mini bai ce komai ba. Na ce ya shaida dai, rana ce ta yi wannan aikin.

A gida muka baje gawar a kan tabarma muka yi ƙidaya. Inji lafiya. Matuƙiya lafiya, har 'yan kunnenta. Fiffiken dama ya zama tsinken sakace, na hagu kuwa ko fentinsa bai goge ba. Ɗan ƙanwata ya taka kujera ya sauko da na saman wadirof, ya busa masa ƙura, ya jera su.

"Kawu, mun koma hagu biyu."

Na leƙa kicin neman man gyaɗa, na tarar an sa wa kabad ɗin kwaɗo, dutsen guga ma yana ciki.