Tsofaffin Pilbara da Gidajensu a Bayan Mota

Da zarar sanyi ya kama kudancin Ostireliya, wajen watan Mayu, sai 'yan fansho su garƙame gidajensu, su ɗaura ɗakin-ja a bayan mota, ɗaki guda mai taya da gado da murhu da makewayi, su nausa arewa. Da yawansu Pilbara suke dosa, yankin jar ƙasa da tama a bakin tekun Indiya, inda daga Perth zuwa Port Hedland sai mutum ya ci kilomita 1,600 da ɗoriya. Kowa ka tambaya, shiru da kaɗaici ya fito nema. Da yamma kuwa ka tarar da su jere a sansani, ƙofa na kallon ƙofa, kowa ya taho da halinsa na gida ko ƙwayar zarra bai bari ba.

Tun a hanya za ka fara cin karo da madugu uban tafiya. Shi ba ya wuce gudun kilomita 80 ko da gobara a bayansa, alhali a bayan nasa akwai motar dakon ma'adinai mai tirela huɗu, tsawonta ya haura mita 50, direbanta na cizon yatsa. Madugu na da rediyon oba-oba, kuma ya ɗauka don shi aka ƙirƙiro ta. Direba ya roƙi hanya, sai ya samu bayanin yanayin iska da tarihin ciwon gwiwa.

Abokin tafiyarsa shi ne mai lissafin dizal. Wannan ya haddace farashin kowane gidan mai daga Carnarvon har Sandfire, yana da littafi na musamman. Motarsa da ɗakinsa sun kai kuɗin ƙaramin gida, amma zai ƙi shan mai a nan don ya ji labarin ya fi araha a gaba, gaban kuwa kilomita 200 ne babu ko rumfa. Galibi a gefen titi ake sake ganinsa, riƙe da jarka.

Babban wasan kwaikwayo sai an isa sansani, lokacin da mai ribas zai shigar da ɗakinsa gurbin da aka ba shi. Uwargida ta sauka ta tsaya a baya tana kaɗa hannu, a daidai wurin da madubi ba ya nuna ta. Ta ce hagu, ya tambaya hagun wa. Ya murɗa sitiyari dama, ɗaki ya yi hagu, don haka abin yake, kuma shekara da shekaru bai yarda ba. Maƙwabta tuni sun fito da kujerunsu na naɗewa, sun jera, kowa da kofinsa, babu mai cewa uffan. Can sai wani dattijo ya taso da niyyar taimako, masu ba da umarni suka zama biyu, kowa da tasa alƙiblar. Auren da ya jure shekara arba'in da renon 'ya'ya, a nan ake gwada ƙarfinsa. Idan ɗaki ya shiga daga ƙarshe, a karkace, sai kowa ya kau da kai kamar bai ga komai ba. Gobe mai ribas da uwargida su ma 'yan kallo ne.

Wanda na fi tausaya wa matarsa shi ne mai ƙidayar taragu. Mutane na zuwa bakin teku don ruwa, shi ya zo Port Hedland don jirgin ƙasan tama, wanda tsawonsa kan kusa kilomita 3. Ya tsaya a rana yana ƙirga, aka yi masa magana lissafi ya ɓace, to sai a jira na gaba. Zai gaya maka, ko ba ka tambaya ba, cewa a 2001 kamfanin BHP ya haɗa jirgi mai taragu 682, fiye da kilomita 7. A wajen Dampier kuma ka gan shi yana ɗaga wa jirgin kamfanin Rio Tinto hannu da fara'a, jirgin da babu direba a ciki, daga Perth ake lura da shi ta kwamfuta.

Akwai mai yaƙi da ƙura, wadda ta shigo ƙasar jan turɓaya da fararen labule, tana shara safe da yamma. Ƙura ce ke cin nasara. Akwai mai janareto, wanda ya tsallake rabin nahiya don jin shirun daji, sannan ya tada inji ya kalli talabijin. Mai karatu ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan maƙwabci.

Sai jarumin zafi. Ya karanta cewa garin Marble Bar ya yi kwana 160 a jere, daga ƙarshen 1923 zuwa Afrilun 1924, zafi na kaiwa digiri 37.8 ko fiye kullum. Don haka ya je can a watan Yuli, tsakiyar sanyinsu, ya yi hoto da allon garin, ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya tsira daga tanderu.

Mai hoto kuwa lamarinsa ba dariya kaɗai ba ne. A Dampier akwai mutum-mutumin wani jan kare da ya yi suna da yawon bin motoci a yankin kafin ya mutu a 1979. Nan mai hoto zai ɓata awa guda. Kusa da wurin, a Murujuga, duwatsu na ɗauke da zane sama da miliyan guda da 'yan asalin ƙasar suka sassaƙa tun dubban shekaru, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2025, ga masana'antun gas a gefensa. Nan minti goma ya ishe shi, wai ƙudaje sun dame shi. A ganina ko mai ƙidayar taragu ya fi shi, shi dai yana kallon abin da ya zo gani.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya cika tanki a duk gidan man da ya gani, kuma ya koyi ribas tun a ƙofar gidansa.